Uban Yaron Mai Gaggafa

Mai tsofaffin littattafai a bakin tasha ya gaji da dattijon da ke karanta masa kaya a tsaye.

"Baba, kujera zan kawo, ko har da matashi?"

"Ina yaro na haddace waɗannan," in ji dattijon. "Yaron da ya hau gaggafa ya tafi birnin aljanu."

"Madalla. Ashe gaisuwa ka zo yi musu."

"Da can uban yaron na tsana, da ya ɓoye masa takalmi don kada ya tafi. Yanzu na duba, shi kaɗai ne mai hankali. Yaro ko ruwan wanka bai iya ɗorawa ba, wai zai ceci duniya."

"Ai ya cece ta a littafi na ƙarshe."

"Marubuci ne ya tsaya masa. Ko gaisuwa ya taɓa aiko wa gida?"

Sai a lokacin mai littattafai ya lura da sabuwar jaka irin ta samari a gefen ƙafarsa.

"Naka wace mota zai shiga?"

Dattijon ya rufe littafin.

"Waccan. Takalmin ma ni na saya masa."