Jiya Huɗu, Yau Takwas

A ɗakin jira na wani asibitin dashen ƙwan haihuwa a Wuse, wani ɗan kasuwa ya miƙa wa na gefensa waya.

"Malam, dubi hoton nan. Ƙwan iyalina ne da aka haɗa da nawa. Jiya ƙwallo huɗu na ƙirga a ciki, yau takwas. Wa ya ƙara?"

"Ba wanda ya ƙara, Alhaji. Ƙwan ne ke rabuwa da kansa. Ɗaya ya zama biyu, biyu su zama huɗu."

"To ai da ya ƙara girma. Yana nan yadda yake."

"Haka yake a kwanakin farko."

Ɗan kasuwar ya karɓe wayarsa. "Ni dai kada a cusa mini na wani, in raini ɗan da ba nawa ba. Yadda kake kare su ɗin nan, anya ba ma'aikacinsu ba ne kai?"

"A ma'aikatar noma nake."

"To a ina ka san duk wannan?"

"Zuwanmu na uku ke nan. Namu kullum a huɗu yake tsayawa." Ya miƙo hannu. "Don Allah ba ni in sake ganin takwas ɗin."