Kujerun Ranar Alhamis

A tashar jirgin ƙasan Aarhus, dattijuwa Solveig ta kasa ɗauke ido daga kwalin kek ɗin budurwar da ke gefenta.

"'Yar nan, biki ake?"

"Aikin rubuta manhajar kwamfuta na samu, Mama. Sabon ma'aikaci ba ya shiga ofis hannu rabbana."

"Ɗana ma sana'arsa ke nan. Takardar neman aiki ɗari ya aika, shiru. Wa kika sani?"

"Ba kowa. Wata goma ina zuwa taron masu manhaja duk Alhamis, ba mai kula ni. In an tashi, ni da wani mai furfura muke kwashe kujeru. Ashe shi ke ɗaukar ma'aikata."

Solveig ta kwashe da dariya, ta lalubo biro.

"Ƙarfe nawa ake tashi? Ɗan nawa ƙato ne."