Sun Ji Muryata Sun Fice

Assalamu alaikum, Malam mai gabatarwa. A gafarce ni da cin lokacinku.

Ni 'yar mahauta ce daga Bunkure, cikin dambe na tashi. Da maigidana, Allah ya jiƙansa, muke kallonsa a waya in ya dawo daga ban ruwan tumatir, mu yi ta gardama. Bayan rasuwarsa na buɗe zauren hirar dambe a waya, maza suka cika shi. Rubutun boko yana ba ni wuya, sai na tura murya ina bayanin turmin ƙarshe na wani wasa. Da jin mace ce, suka fice ɗaya bayan ɗaya.

Har yau ina tura bidiyo, ni kaɗai ke kallo. Malam, na yi laifi ne? In rufe, ko akwai matan da za su shigo? Don Allah a amsa mini da wuri.