An Ɗauke Mu, Ban da Inna

Assalamu alaikum Malama mai gabatarwa, sannu da aiki. Sunana Zainabu, Bahaushiyar Sudan ce ni. Yaƙi ne ya koro mu Alƙahira, muna zaune a unguwar Arba wa Nus.

Mun daɗe muna jiran a kai mu wata ƙasa. Kullum sai mu ji an rage waɗanda ake ɗauka, har na cire rai. Makon jiya ina wanki aka kira ni a waya, aka ce Kanada ta karɓe ni da 'ya'yana. Na ce, "Mahaifiyata fa?" Matar da ta kira ni daga ofishin 'yan gudun hijira ta ce, "Ma'alish, ki yi haƙuri, ita a bayanku ta iso, batunta daban ne." Na ce to, na koma na ƙarasa wankina.

Da na gaya wa Inna, sai ta ce, "Khalas, shi ke nan, ki tafi, yaran nan su yi karatu." Maƙwabta suna ta shigowa barka, ina amsawa. Amma ko murna ko kuka, babu wanda ya zo mini.

Jama'a, ku ba ni shawara. In na ƙi, an ce ba lallai a sake kirana ba. In na tafi kuma, Inna ko wanka ba ta iya yi da kanta.