Ɗigon Baba Modu Bai Yi Kore Ba

Rahama: Alo? Baba Modu? Rahama ce, sakatariya.

Modu: A'a, 'yata! Wushe, wushe. Ina kwana? Ina mutanen biro, can wajen aiki?

Rahama: Lafiya lau, Baba. Ina gajiya? Ya Droum?

Modu: Alhamdu lillahi. Ya mai gidan? Ƙafar Hajiya ta yi sauƙi?

Rahama: Da sauƙi. Kwana uku ina nemanka!

Modu: Ina ƙauyuka, rabon irin hatsi. Yanzu ma kan tudu na hau na sami rezo, waya ta kama. Lafiya?

Rahama: Wannan aplikasiyon ɗin aika saƙo da aka sa mana a portabul, wayar hannu, ran Litinin, ka buɗe shi kuwa?

Modu: Na hirar ma'aikata? Na buɗe, sai juyawa yake kamar dutsen niƙa. Na mai da wayar aljihu.

Rahama: Kash. Ai shef, shugabanmu, ya ce daga yanzu komai a ciki: rapor na aiki, kiran taro, har neman izini. Kowa da ɗigo kusa da sunansa. In kana ciki ya yi kore.

Modu: Ya yi me? Alo?

Rahama: Kore! Naka kuwa toka-toka, mako guda cur.

Modu: To ni ɗigo aka aike ni yi, ko raba iri kafin ruwa ya sauka?

Rahama: An kira taro ran Alhamis a ciki. Ba ka zo ba.

Modu: Wa ya gaya mini? Shekara goma sha tara, in akwai taro aiko mini ake, in hau babur in zo!

Rahama: Na faɗa wa shef. Ya ce wanda ba ya ciki, ba ya aiki.

Modu: Safiyanu na biro fa? Shi yana aiki ke nan?

Rahama: Nasa kore ne tun safe har la'asar.

Modu: Ba dole ba! Yana zaune ƙarƙashin fanka, bai san ko hanyar Droum ba.

Rahama: Shi ne… Baba, shi aka ba aikinka na Droum ɗin.

Modu: Sake faɗa, iska ta ɗauke.

Rahama: Ba za a sabunta kontaranka na aiki ba. Ƙarshen wata.

Modu: Inna lillahi. Shef ne ya ce ki kira ni?

Rahama: A'a, ni ce na ga bai kamata ka ji a titi ba. Shi a ciki ya rubuta.

Modu: A inda ya san ban iya shiga. Karanta mini.

Rahama: "Muna godiya ga Modu bisa hidimarsa." Shi ke nan.

Modu: Ba wanda ya ce uffan? Tahiru? Gambo direba, da muke ci kwano ɗaya?

Rahama: Ba a magana ƙarƙashin saƙon shef. Hoton babban yatsa ake dannawa, alamar an gani.

Modu: Mutum nawa suka danna?

Rahama: Goma sha ɗaya.

Modu: Mu goma sha uku ne. Cire ni, cire shef.

Rahama: Baba, yana ganin wanda bai danna ba…

Modu: Na gane. Manoma na jirana.

Rahama: Baba Modu, tsaya! Alo?