Tabarmar da Babu Kowa a Taron Mushe Almoustapha

Assalamu alaikum. Wakilin perfe mai mulkin gundumarmu, magajin gari, mai girma hakimi, shugaban buron lakwal, wato ofishin makarantun boko na yankinmu, liman, sai uwar gidan marigayi, Tsahara, da ɗiyanta, Allah shi ba ku ladar zuwa. Ni Saminu, shugaban iyayen yara na Tungar Mumuni, ni anka ce in yi magana, kuma ba zan shafa ma kowa mai a baki ba.

Almoustapha ya kasance mushe, wato malamin boko, ɗaya tilo a lakwal ɗinmu. Ya kasance shi ne bakinta, shi ne ƙafarta. In akwai labari, sai ya gaya ma liman shi faɗa bayan sallah, ya bi mata har bakin rijiya, ran kasuwar Illela kuma ya zauna rumfar masu nono.

Ya kasance ya san abin da buro bai taɓa tambaya ba: a ruga ba a jefa saƙo daga bisa babur. Sai ka sauka, ka sha nono, ka tambayi lafiyar shanu, kana ka ce an buɗe lakwal. Da wanga haƙuri ya sa Jaje mai ruga, wanda ya rantse ɗiyansa ba su zama aji, ya kawo ɗiyarsa Basira da hannunsa, sauran rugage sunka biyo.

Sai ku mutanen buro kunka ce wannan yawon banza ne. Kunka ce kowane labari a saka a waya, ga zamani. Wace waya? Wane rezo, wane sabis na waya ke bin shanu cikin daji? Da kunka matso da ranar jarrabawa, can kunka saka, kunka koma ƙarƙashin fanka. Shi ko ya tashi aji, ya hau babur ya je ya gaya ma Jaje. A komowa babbar mota ta same shi bisa hanyar Malbaza. Ajali na Allah ne, mun sani. Amma wanda ya ɗora ma jaki ɗaya kayan ayari, kada ya zo nan yana share ido.

Yanzu kuna cewa in yaran ruga ba su komo ba bana, za ku ruhe aji. To ku dubi tabarmar can da munka shimfiɗa masu. Babu kowa. Sun yi nisa da dabbobi, kuma sanarwar rasuwar ma a waya kunka saka.

Tsahara, ƙanwata, ki yafe mani abin da zan faɗa. Ran kasuwa, kafin su yi nisa, Kaltume matar Jaje ta iso rumfa da ƙwaryar nono da ta saba aje mashi. Ta ce mani, "Saminu, ina Mushe? Basira ta ci jarrabawa ko?" Na ce ta ci. Sauran maganar ta ƙi fita bakina, kuma ba ni ya kamata in ji kunya ba.

Mun gode ma duk wanda ya tako. In an shafa fatiha, ni zan bi sawun shanu in kai masu labari. Mai mota daga cikinku da ke jin yabon da ya yi ɗazu har zuci, ga hanya.

Allah ka jiƙan Almoustapha, ka haskaka kabarinsa, ka raya abin da ya bari. Ka aiko mashi bushara ta bakin manzanninka, yadda bai taɓa barinmu mu ji labari a bakin duniya ba. Amin.