Sunan 'Yar Fari

TAYYIBA: Salamu alaikum. Halo? Yaya, kina ji na?

YAYA: Wa alaikumus salam. Tayyiba? Tsaya in fita baranda, tsohuwar da nake jinya yanzu ta samu barci. Yauwa, ina ji.

TAYYIBA: Ina wuni, Yaya.

YAYA: Lafiya lau. Mu nan ko azahar ba ta yi ba. Ya gida? Ya Malam?

TAYYIBA: Lafiya ƙalau, yana gaishe ku. Ya Baban Fahad?

YAYA: Yana nan. Ya fita da mota tun asuba, ba zan sa shi a ido ba sai bayan isha. Ya yara? Ya mutanen Maigatari?

TAYYIBA: Duk lafiya, alhamdu lillahi. Ya sanyi?

YAYA: Sanyi sai addu'a. Ƙanƙara ta sauka shekaranjiya, ga ta can gefen titi ta yi baƙi ƙirin. Ya hidima?

TAYYIBA: Da godiya. Ya gwiwar taki?

YAYA: Gwiwa ta zama 'yar gida. Likita ya ce in rage tsayuwa. Na ce masa to wa zai ɗaga Miss Olive daga gado? Kullum daga Silver Spring zuwa Alexandria, jirgin ƙasa biyu da bas ɗaya. Ga shi har tabarau na saya.

TAYYIBA: Tabarma? A Amurka?

YAYA: Tabarau! Na ido. Rubutun kwalbar magani ya fara guje mini.

TAYYIBA: Au. Ai girma ya zo, Yaya. Ni ma jiya na tsinci furfura har a gira. Ya su Farhana?

YAYA: Farhana ta samu aiki a Baltimore, ta kwashe kayanta. Ɗakinta ya zama wurin shanya. Fahad kuwa in na yi masa Hausa sai ya mayar mini da Turanci, kamar muna ciniki a bakin iyaka. Gidan ya yi shiru, Tayyiba. Wai ke ina kike ne? Ina jin kukan tunkiya kamar ta gidan Inna.

TAYYIBA: A gidan Inna nake.

YAYA: Da yammacin nan? Wa ke tuƙa wa Malam tuwo?

TAYYIBA: Yara suna yi. Ai yanzu nan nake kwana. Tun da muka sa wa ƙofar zaure kwaɗo, dole a samu mai riƙe makulli.

YAYA: Wane kwaɗo?

TAYYIBA: Na'am? Halo? Sabis ɗin ya fara…

YAYA: Sabis lafiyarsa lau. Ƙofar da ba a taɓa rufewa da rana ba tun muna yara, ita kuka sa wa kwaɗo? Me ya samu Inna?

TAYYIBA: Babu komai, Yaya. Tana ci tana sha.

YAYA: Tayyiba.

TAYYIBA: Dama dalilin kiran ke nan, ban san ta inda zan faro ba ne. Inna ta fara ruɗewa.

YAYA: Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Tun yaushe?

TAYYIBA: Tun bayan babbar salla. Da farko gishiri take zubawa sau biyu a miya, muna dariya. Sai ta fara tambayar Baba, wai bai dawo daga kasuwa ba, mutumin da ya shekara tara a ƙasa. Ran nan aka tsinto ta a bakin kasuwar dabbobi, ba takalmi.

YAYA: Wata nawa ke nan? Kullum in na kira ki ce mini tana salla, ko tana barci.

TAYYIBA: Malam ne ya ce kada a tayar miki da hankali, tun da ba halin zuwa gare ki ba.

YAYA: Aikina ke nan fa, Tayyiba. Shekara goma sha uku ina wanke tsofaffin wasu, ina ba su abinci a baki. Na san ciwon nan kamar yunwar cikina. Uwata ta kamu da shi, ni ce ta ƙarshen ji.

TAYYIBA: Ki yi haƙuri, Yaya.

YAYA: An kai ta asibiti?

TAYYIBA: Mun je Gumel. Sun ce tsufa ne, sai dai lallaɓawa. Amma ba wannan ne ya sa na kira ba. Yaya… Inna tana kiran sunanki.

YAYA: Tana cewa ina 'yar nan, ko? Ai haka take cewa.

TAYYIBA: A'a. Sunanki. Na yanka.

YAYA: Halo? Sake faɗa, iska ta ɗauke maganar.

TAYYIBA: Na ce sunanki na yanka take kira, da baki, da ƙarfi, har maƙwabta suna ji.

YAYA: Inna?

TAYYIBA: Wallahi.

YAYA: Innar da in an tambaye ta sunan 'yarta ta fari sai ta sunkuyar da kai ta ce a tambayi ubanta? Innar da ko mai irin sunana ta gani sai ta ce mata takwara?

TAYYIBA: Ita fa. Kullum in rana ta kusa faɗuwa sai ta tashi ta nufi ƙofa. A ganinta kina waje kina wasa, magariba za ta riske ki. Ta tsaya ta yi ta kira. In ba a amsa ba sai kuka, ta ƙi tuwo, ta ƙi zama, har isha.

YAYA: To ke ba sai ki amsa mata ba?

TAYYIBA: Na gwada. Na laɓe bayan rumbu na ce na'am. Sai ta juyo ta ce, ke Tayyiba ce, ban kira ki ba. Sunana ta kan manta da safe, amma muryarki ba ta ɓace mata ba.

YAYA: Shekarata hamsin da biyu, Tayyiba. Ban taɓa jin sunana a bakinta ba. Ko sau ɗaya.

TAYYIBA: Ai kunyar 'yar fari ce, Yaya, kin sani. Haka suka taso.

YAYA: Na sani. Yanzu na sani. Amma ina ƙarama wa ya gaya mini? Ana yaye ni aka miƙa ni ɗakin Goggo, gida ɗaya, tsakar gida ɗaya. Ke tana goya ki, tana yi miki kitso a kan cinyarta, ni sai dai ke, zo nan, ke, ɗauki wancan. Ranar da zan taho ƙasar nan ko zaure ba ta rako ni ba. Ke ta ba ƙullin daddawa ta ce a ba mai tafiya.

TAYYIBA: Na tuna.

YAYA: Na daɗe ina ganin ba ta so na. Ban taɓa gaya wa kowa ba, sai yau.

TAYYIBA: Haba Yaya.

YAYA: Kin san tabon da ke hannuna na hagu?

TAYYIBA: Na kunu.

YAYA: Ina shekara shida, kunun tsamiya ya kife mini. Tana tsaye a bakin murhu, taku uku tsakaninmu. Ba ta taɓa ni ba. Ta ɗaga murya ta ce, Goggo, ki fito, 'yarki ta ƙone.

TAYYIBA: Yaya, kunun nan shi take ambata.

YAYA: Me?

TAYYIBA: Shekaranjiya ina dama mata kunu, ta fizge ludayin ta ce in janye tukunyar, za ki zo wucewa. Sai ta fashe da kuka, tana cewa ku bar ni in ɗauke ta, ni na haife ta, ku bar ni in ɗauke ta. Ni ban ma gane ba sai da na tuna hannunki.

TAYYIBA: Halo? Yaya? Ya yanke ne?

YAYA: Ina nan.

TAYYIBA: Kuka kike yi?

YAYA: Sanyi ne, hawa na goma sha huɗu nake. A'a, ƙarya nake yi, kuka nake yi.

TAYYIBA: Ba za ki iya zuwa ba, ko na sati biyu?

YAYA: Lauya ya ce in na fita kafin a kira ni intabiyun takardar zama, ba zan dawo ba. An ɗaga ranar sau biyu. Ga yara a nan, ga babansu da hawan jini. In na zo, na bar su. In na zauna… Kin san me ke ba ni haushi? Tsohuwar nan ta ciki sau arba'in take kirana a wuni. Ta kasa faɗin sunan daidai, ta yanke shi ta mai da ni Mona. Babansu ya ce Maman Farhana, yara su ce Mom, ke ki ce Yaya. Sunan nan sai a takardar asibiti nake ganinsa.

TAYYIBA: Bari in kai mata wayar. Tana kan tabarma a ƙofar ɗaki. Amma cajina saura kaɗan, kwana uku ba wuta.

YAYA: Kai mata. Yi sauri.

TAYYIBA: Inna. Inna, ga Yaya a waya, daga Amurka.

INNA: Wa?

TAYYIBA: Yaya. Babbarmu.

INNA: Au. To. Kuna lafiya?

YAYA: Lafiya lau, Inna. Ina wuni? Ya jiki?

INNA: Da sauƙi. Ya yaran?

YAYA: Suna gaishe ki. Inna, kin gane mai magana?

INNA: Na gane mana.

YAYA: Wace ce?

INNA: Ai ke ce.

YAYA: Ni wa, Inna?

INNA: Tayyiba, karɓi abinki. Ki ce mata ta riƙa cin abinci, muryarta ta rame.

YAYA: Inna! Inna, tsaya…

TAYYIBA: Ta miƙo mini, Yaya. Ta ja mayafi ta rufe fuska.

YAYA: Kin gani ko? Komai ya tafi, kunyar ta zauna.

TAYYIBA: In aka ce mata ke ce, babbar take tunawa. Ƙaramar take kira.

YAYA: To kada ki ce mata ni ce. Ƙarfe nawa a nan?

TAYYIBA: Shida ta wuce. Ladan ya kusa.

YAYA: Ki saki murya a wayar, ki ajiye ta a zaure, a kan dakalin nan na bayan ƙofa. Kada ta gani. In ta kira zan amsa.

TAYYIBA: In ta ji muryarki ta ce a buɗe ƙofa fa?

YAYA: Zan ce mata ga ni nan zuwa, ta shiga ta ci tuwonta. Ko yau ɗaya ta kwana ba ta yi kuka ba. Ni ma in ji da kunnena.

TAYYIBA: Saura biyu cikin ɗari fa, Yaya. Ya yi ja.

YAYA: Bar shi ya mutu a can. Je ki ajiye.

TAYYIBA: To, ga ni a zaure. Yi magana a hankali, murya tana amsawa a nan. Mene ne wannan ƙarar?

YAYA: Ƙararrawar Miss Olive ce, ta farka. One minute, Miss Olive! Bar ta, ba abin da zai same ta, banɗaki take so. Inna ta tashi?

TAYYIBA: Tukuna. Tana kallon sama. Tana naɗe bakin zaninta.

YAYA: Tayyiba, ji nake kamar ranar da aka kai ni ɗakin miji.

TAYYIBA: Ga kiran salla nan. Kina ji?

YAYA: Ina ji. Har yanzu Malam Muntaka ne?

TAYYIBA: Ɗansa ne, Malam Muntaka ya rasu bara. Yi shiru, ta miƙe. Tana laluben sanda.

YAYA: Kada ki kama ta, bar ta ta zo da kanta.

TAYYIBA: Ga ta nan tafe. Zan koma bayan ƙyaure. Saura ɗaya, Yaya.

YAYA: Na ji. Yi shiru.

INNA: Wa ya rufe ƙofar nan? Yarinya tana waje aka rufe ƙofa? Ba ku ji an kira salla ba?

INNA: Muniratu! Muniratu! Ki shigo haka nan, magariba ta yi. Muniratu, zo in ga hannun…

YAYA: Na'am! Na'am, Inna! Ga ni, ga ni nan zuwa!

YAYA: Inna?

YAYA: Tayyiba, ta ji? Halo? Ta ji na amsa?

YAYA: Halo? Halo?

YAYA: Na'am, Inna.